Wata Tara Ya Cika, Naƙuda Shiru: Abin Da Za Ki Sha Da Abin Da Za Ki Ajiye

Tun da na ajiye aikin ungozoma a asibiti na dawo gida a nan Aboabo, cikin birnin Kumasi na ƙasar Ghana, tambayar da aka fi sallama da ita a ƙofata ita ce: "Hajiya, wata ya cika, shiru. Me za a sha?" Sau da yawa ba mai cikin ce ke zuwa ba. Uwarta ce ko uwar mijinta, da ƙullin sassaƙe a bakin mayafi, tana so in duba in ce a ɗora tukunya. Ba na korar kowa, don ni ma a gidan da ake jiƙa magani na tashi, kuma har gobe idan mura ta kama ni citta da lemun tsami nake nema. Sai dai maganin tayar da naƙuda ba sahun maganin mura yake ba. Mutum biyu ne ke shansa, kuma ɗaya ba shi da bakin da zai ce ya isa haka. Ga yadda nake bi da duk wadda ta zo mini, ki bi shi a jere, kada ki tsallake na farko don kina gaggawar kaiwa ga sunayen itatuwa.

Fara da lissafi

Kafin a taɓa tukunya, a tabbatar cikin ya isa. A asibiti ana ƙirga mako 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Mu kuwa a Zango da ganin wata muke lissafi, kuma watan Musulunci kwana 29 ne ko 30. Wata tara a wannan lissafi kusan kwana 266 ne, mako 38 ke nan. Kin ga matar da ake ta tayar wa hankali ana cewa ta wuce lokaci, sauranta mako biyu cur kafin ma ta kai ranar da aka rubuta mata. Idan kuma cikin ya shiga tana goyo, ba ta ga jini ba tun haihuwar baya, to lissafin gida ya zama kirdado.

Ki buɗe littafin awonki ki nemi hoton ciki na farko da aka yi miki. Wanda aka yi kafin mako 14 shi ne ya fi gaskiya wajen faɗin rana. Hoton da aka yi a wata na takwas yana iya kuskure da mako biyu ko uku, don a lokacin wani yaro babba ne wani ƙarami, na'ura kuma girma take aunawa. Mata na yawan zuwa mini da takardu uku, kowacce da ranarta, su zaɓi wadda ta fi kusa don sun gaji. Ta farkon ce taki. Ranar ma da aka rubuta ba alkawari ba ce: cikin mata ɗari, kamar biyar ne ke haihuwa a ranar daidai. Daga mako 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne a tayar da naƙuda idan an kai mako 41, a wurin da ake da kayan aiki. Haihuwar fari kuma ta saba wuce ranarta da 'yan kwanaki.

Akwai matan da ba na yarda su sha komai don naƙuda, ko da ganyen da kowa ke cewa ba ya cutarwa. Wadda aka taɓa yi wa tiyata a haihuwar baya, domin tabon da ke jikin mahaifa shi ne inda take fara yagewa. Wadda ta haihu biyar ko fiye, domin mahaifarta ta yi laushi, ƙaramin matsi yana iya fasa ta. Mai tagwaye. Wadda aka gaya wa yaro ya zo a zaune ko ya kwanta a gicciye. Wadda mabiyiya ta sauko ta tare hanya, ko ta taɓa ganin jini a wannan cikin. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai sikila. Idan kina cikin waɗannan, tsarin haihuwarki tsakaninki da likita ne tun kafin wata tara, kuma sau da yawa babban asibitin Komfo Anokye za a tura ki, Gee da muke cewa, a Bantama. Ki tafi a ranar da aka ce, da ƙafarki.

Abin da ke faruwa a ciki

Sai kin san wannan za ki gane dalilin da ya sa nake yarda da wani abu in hana wani. Bakin mahaifa a lokacin ciki yana rufe, yana da tauri kamar kan hancinki. Idan haihuwa ta gabato sai ya yi laushi kamar leɓe, ya gajarce, sannan ya fara buɗewa har ya kai santimita 10. Wannan laushin ne ke fara zuwa, naƙuda ta biyo baya. Maganin gargajiya mai ƙarfi ba ya jiran wannan. Murɗa mahaifa yake yi kawai, ko hanya ta buɗe ko ba ta buɗe ba.

Duk lokacin da mara ta murɗa, jinin da ke zuwa wa yaro ta mabiyiya yana raguwa. Idan ta saki, jini ya dawo, yaro ya huta. Naƙuda ta gaskiya tana ba da wannan hutun. Mu a ɗakin haihuwa hannu muke ɗorawa a ciki muna kallon agogo: idan murɗa ta wuce biyar a cikin minti goma, ta yi yawa. Yaron da ba ya samun hutu yakan galabaita, ya yi kashi a ciki, ruwan faya ya koma kore, ya shaƙa. Uwa kuma mahaifarta ko ta fashe, ko ta gaji ta kasa tsukewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle.

A asibiti ma ai magani muke ba wa mata don tayar da naƙuda, kuma shi ma yana iya yin duk wannan ɓarnar. Bambancin shi ne ruwan naƙuda ɗigo ake ƙirgawa, akwai ɗan makulli a jikin robar, idan abu ya yi yawa in murɗa shi in rufe, cikin 'yan mintoci ƙarfinsa ya ragu. Ana sauraron bugun zuciyar yaro, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti. Ɗakin tiyata yana nan kusa. Abin da kika kurɓa daga tukunya ya riga ya shiga jini, ba mai iya janye shi. Ƙarfinsa ma ba a san shi ba, don saiwar da aka haƙo da rani ba ɗaya take da ta damina ba, dafuwar minti ashirin kuma ba ɗaya take da wadda ta kwana a wuta ba.

Ina tuna wata yarinya mai cikin fari da aka kawo mana cikin dare a pragya, keken haya mai ƙafa uku, mata uku na riƙe da ita. Na ɗora hannu a cikinta ina jiran ya saki in fara ƙirga, bai saki ba. Ya ƙanƙare, ita kuma ko kuka ta daina, sai gumi da cizon zani. Na duba, bakin mahaifa yatsa biyu kawai. Na tambayi dattijuwar da ke kanta, "Mma, me aka ba ta?" Ta ce wallahi ruwan zafi ne kawai. Na saka abin saurare, zuciyar yaro tana tafiya a hankali har ina iya ƙirgawa ba tare da agogo ba. Sai da muka tura gadon zuwa tiyata ƙanwar yarinyar ta biyo ni a guje ta raɗa mini cewa kofi biyu aka ba ta da magariba, da aka ga shiru aka ƙara na uku bayan isha. An ciro yaron jikinsa duk koren kashi, ya yi kwanaki a ɗakin jarirai kafin ya kama nono. Dattijuwar ba mugunta ta yi ba. Da wannan maganin aka haifi 'ya'yanta, ta gaya mini daga baya tana hawaye, kuma na yarda da ita. Na ukun nan da aka ƙara don an ga shiru, shi na fi gani yana kai mata tiyata.

Abin da za ki iya ci da sha

Dabino na fara ba kowa. Daga mako 36, ƙwaya shida a rana, ki raba uku da safe uku da yamma. Wani bincike da aka yi a ƙasar Jodan a 2011 ya nuna matan da suka ci haka na mako huɗu sun iso asibiti bakin mahaifarsu ya fi buɗewa, kuma kaɗan daga cikinsu suka buƙaci ruwan naƙuda. Matan da aka gwada ba su da yawa, don haka ba na ce miki dabino zai kawo naƙuda gobe ba. Ki lura ma da ayar Suratu Maryam da muke yawan kawowa: naƙuda ce ta riga ta kai Nana Maryam gindin dabinon, sannan aka ce ta girgiza ta ci. Ƙarfi yake ba mace, kuma ba ya murɗa mahaifa da tsiya. Ki wanke shi, don na kasuwa ƙura ce a kansa. Mai ciwon sukari kuma ta tambayi likita tukuna.

Miyar ayoyo da miyar kuɓewa, ki sha da tuwon zafi yadda ranki ke so. Iyayenmu na cewa yauƙin ne ke sa yaro ya sulɓo. Hanyar abinci dabam, hanyar haihuwa dabam, amma ganyen yana da amfani ga jini kuma yana sa bayan gida ya yi laushi, wanda babban sauƙi ne ga mai tsohon ciki. A rage kanwa a miyar, a rage gishiri da dunƙulen magi, musamman idan ƙafa ta fara kumbura. Abarba nunanna ki sha yanka biyu ko uku. Ba za ta tayar da naƙuda ba, idan kika cika ta ƙwannafi za ta bar miki. Ɗanyar gwanda mai farin ƙaro a bar ta sai bayan haihuwa. Shayin citta mara ƙarfi, ɗan yanki a kofi, ba laifi.

Sai maganar zaƙi, wadda ba mace a Zango da ba a tsoratar da ita da shi ba. Ana cewa wadda ta sha sukari da yawa zaƙi zai tare mata hanya, sai an ba ta tsamiya ko soɓolo (wato zoɓo) mai kauri ko jiƙon saiwa ya fita. Idan ta ga majina mai yauƙi ta fito sai a ce ga shi nan, magani ya yi aiki. Wannan majinar toshiyar bakin mahaifa ce, kowace mace tana da ita, kuma da kanta take fita idan lokaci ya yi, ko an sha magani ko ba a sha ba. Amma akwai gaskiya a cikin tsoron iyayenmu: sukari yana iya hawa a jinin mai ciki, yaro ya yi girman da kafaɗarsa za ta maƙale. Wannan a gwajin jini ake gane shi a wurin awo, ba a jiƙo ba. Kunun tsamiya da safe abinci ne, ki sha. Soɓolo kofi ɗaya a gidan suna ba shi nake nufi ba. Wanda ake dafawa baƙi ƙirin da citta da kanumfari da kimba a ce ki sha safe da yamma har zaƙi ya fita, shi nake cewa a ajiye.

Rubutu ban taɓa hana mace sha ba, kuma ban ga dalilin faɗa da shi ba. Sharaɗina biyu ne: a wanke allon da ruwa mai tsabta, kuma kada a barbaɗa garin komai a ciki. Idan malam ya haɗo da ƙullin gari ya ce a zuba, ki sha rubutun ki ajiye garin. Akwai kuma busasshiyar ciyawar nan da alhazai ke tsarabarta daga Makka, wadda Larabawa ke kira kaffu Maryam, a dunƙule take, idan aka saka ta a ruwa ta buɗe. Mata na ajiye ta a kwano kusa da mai naƙuda. Ruwa take tsotsa shi ya sa take buɗewa, ko a ɗakin tuzuru aka jiƙa ta haka za ta yi. Idan kallonta yana kwantar miki da hankali, ki kalla. Ruwan dai a zubar, don ba wanda ya auna adadin da mai ciki za ta sha lafiya.

Abin da za ki ajiye

Man zurma, wanda ake sayarwa a kwalba a shagon magani, shi 'yan mata masu waya suka fi tambayata a kai, don sun gani a Facebook da TikTok. Hanji yake fara murɗawa, kuma yakan taɓa mahaifa. Abin da na sani tabbas shi ne tashin zuciya da gudawa. Macen da ta kwana tana zarya bayan gida, jikinta ya bushe, da wane ƙarfi za ta yi nishi? Ƙwayar zurma kuwa guba ce mai kisa, kada a tauna, kada a daka. Filasko da ruwan alobera da ake sha don wanke ciki, duk layinsu ɗaya da man zurma.

Bentowa, robar nan ta ɗura magani ta dubura da muka koya wurin maƙwabtanmu Asante, ta shiga gidajenmu sosai. Ana niƙa citta da barkono da ganye a ɗura wa mai ciki, wai a share hanya. Yaji yana ƙona fatar hanji, ciwon da ke biyo baya sai a ɗauka naƙuda ce, mace ta fara nishi alhali hanya ba ta buɗe ba, bakin mahaifa ya kumbura. Idan faya ta riga ta fashe kuma, gudawar da za ta biyo baya ƙazanta take kaiwa inda bai kamata ba. Haka cusa ganye ko wani ƙulli a gaba. Kada a saka komai a wurin.

Kalgutim, maganin da 'yan'uwanmu Dagomba ke kawowa daga wajen Tamale, shi ba wasa ba ne, yana aiki, kuma aikin nasa ne abin tsoro. Ungozomomin arewa sun san shi farin sani saboda yawan matan da ke iso musu da naƙuda marar hutu da fashewar mahaifa. Ba haɗi ɗaya ba ne, kowace mai magani da nata, don haka kofin da maƙwabciyarki ta sha ta haihu lafiya ba shi ne naki ba. Haka duk wani jiƙo da aka yi da barasa, da duk kwalbar da mai talla ke yabo a cikin motar haya ta trotro ko a tashar Kejetia yana cewa tana maganin basir da rashin haihuwa da doguwar naƙuda a lokaci ɗaya.

Wanda ya fi duka haɗari ma ba ganye ba ne. Ƙwayar Cytotec ce da wasu ke saye a ɓoye. Gaskiya ne ana amfani da irinta a asibiti, amma abin da ake ba mai cikin wata tara bai kai rubu'in ƙwaya ɗaya ba, ana aunawa, ana jira sa'o'i, ana sauraron yaro. Ƙwaya guda a gida tana iya raba mace da mahaifarta, ko da ranta.

Wata za ta ce to mu watsar da maganin gargajiya ke nan? A'a. Ghana ta daɗe da ba shi matsayi. Akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975, jami'ar KNUST, Tek da muke cewa, a nan Kumasi tana koyar da likitancin ganye tun 2001, kuma wasu asibitocin gwamnati kamar Kumasi South a Atonsu suna da sashen maganin gargajiya. Idan zuciyarki ta fi kwanciya da ganye, can za ki kai ƙullin naki a duba. Lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin kwalba ma ki karanta ta da kyau: rajista ba ta nufin an yarda mai ciki ta sha, da yawansu a rubuce yake a gefe cewa ban da masu ciki.

Abin da jiki ke iya yi da kansa

Ki yi tafiya, da safe ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, minti ashirin zuwa talatin, ba ke kaɗai ba. Tafiya tana taimaka wa kan yaro ya sauko. Ban ce ki ɗauki turmi ki yi dakan sakwara don naƙuda ta zo ba, ko ki hau bene ki sauka har ki faɗi. Ki yi barci idan ya zo, don daren naƙuda ba barci. Kwanciya da maigida ba laifi idan kina so, matuƙar faya ba ta fashe ba kuma ba jini. Murza kan nono yana sa jiki ya saki sinadarin da ke murɗa mahaifa, irin wanda ke cikin ruwan naƙuda, don haka yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. Kada ki fara sai ungozomarki ta duba ta ce cikinki ba matsala, nono ɗaya a lokaci guda, da zarar mara ta murɗa ki tsaya.

Idan kin kai mako 40, ki je awo ki tambaya da bakinki ko za a share miki bakin mahaifa. Ungozoma ce ke saka yatsa ta zagaya ta ɗan raba fayar da bakin mahaifa. Da ɗan zafi, kina iya ganin ɗigon jini, amma mata da yawa naƙuda kan zo musu cikin kwana biyu. A nan ne za ki tsayar da ranar da za ki dawo idan shiru ya ci gaba, kada ta wuce mako 41. Zaman jira har bayan mako 42 shi ma haɗari ne, don mabiyiya tana tsufa, ruwa yana raguwa. Haihuwa tana ƙarƙashin inshorar lafiya kyauta tun 2008, ki tabbatar katinki yana aiki tun yanzu. Duk da haka a tanadi 'yan sidi a MoMo, asusun kuɗi na waya, a haɗa jaka da zannuwa da audugar mata da sauran abin da aka rubuta miki. Maigida, wannan naka ne: lambar direba biyu a wayarka, da mutum biyu cikin dangi da suka yarda su ba da jini idan an nema.

Kullum ki lura da motsin yaro. Idan kin ji ya yi shiru, ki sha ruwa mai sanyi, ki kwanta ta gefen hagu ki ƙirga. Idan bai kai goma ba a cikin awa biyu, ko kuma motsin ya canza daga yadda kika saba, ki tafi asibiti a ranar. Kada ki yarda da masu cewa yaro yana rage motsi don ya kusa fita.

Na san abin da ya fi wa amarya wuya ba ciwon ba ne, kofin da uwar miji ta miƙo ne. Ba za ki ce ba kya sha ba a yi miki kallon marar kunya. Ki karɓa da hannu biyu ki ce, "Mma, na gode, Allah ya saka da alheri. A wurin awo sun ce duk abin da zan sha in fara kai musu su gani, saboda jinina. Bari in ajiye zuwa gobe." Ki ɗora laifin a kanmu, mun saba ɗauka. Idan abin ya ƙi, mijinki ne zai yi wa mahaifiyarsa magana, ba ke ba. Ku kuma iyaye, 'yan'uwana, na san kun haifi takwas tara a ɗaki kun tashi lafiya. Ku tuna da waɗanda kuka yi amarci tare da suka tafi a durƙushe, da waɗanda suka ƙare da yoyon fitsari.

Idan an riga an sha

Kada a ƙara, ko da an ga shiru. Kada a sa ta yin amai da ƙarfi, kada a ba ta wani jiƙon wai don ya karya na farko. A ɗauki ragowar maganin, ko ganyen, ko kwalbar, a saka a leda a tafi da shi, a kuma riƙe lokacin da aka sha da yawan kofin. Da kin shiga ki faɗa wa ungozoma kafin ta tambaye ki. Wata za ta yi miki faɗa, ki haɗiye. Idan ba ta sani ba tana iya ɗaura miki ruwan naƙuda a kan abin da ke jikinki, ƙarfi biyu su haɗu.

Ko an sha ko ba a sha ba, akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: jini yana zuba, faya ta fashe ko da ba ciwo, ruwan ya fito kore ko yana wari, ciki ya ƙanƙare ba ya saki, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zafi a ƙarƙashin haƙarƙari na dama, zazzaɓi, jijjiga. Ciwon naƙuda mai tsanani da ya ɗauke farat ɗaya, mace ta yi sanyi tana gumi tana jin jiri, wannan ba sauƙi ba ne, alamar fashewar mahaifa ce, a ɗauke ta nan take. Idan cibiya ta riga yaro fitowa, kada a taɓa ta kuma kada a tura ta ciki, mace ta durƙusa ta kifa ƙirjinta a ƙasa ta ɗaga ƙugu sama, a haka za a saka ta a mota. Lambar motar asibiti 112 ce, amma idan tasi na ƙofar gida kada a tsaya jira. Daga Aboabo ko Asawase ko Sawaba, asibitin Manhyia ya fi kusa, su za su tura ki Gee idan abin ya fi ƙarfinsu. Mai haihuwar fari da komai ke tafiya daidai ta tashi idan ciwo yana zuwa duk minti biyar har tsawon awa guda. Wadda ta saba haihuwa kuma ta tashi tun kafin haka, musamman da safe ko da yamma lokacin da hanyar Kejetia ke cushewa.